Kwana Ukun da Gidaɗo Ya Sa Sakata

A Sisawa aka haifi Gidaɗo, a gidan manoman gero da dawa. Da ƙafarsa ta hagu ba ta shanye yana ɗan shekara huɗu ba, da shi ma da hauya zai tsufa kamar 'yan'uwansa. Mahaifinsa ya dube shi, ya dubi gona, ya ce wannan dai a kai shi boko. Shi kaɗai ya yi makaranta a gidan, kuma bai yi nisa ba, yana gama sakandare a Wurno ya tsaya. Amma ya fito da rubutu mai kyau da haƙurin sauraron mutane, kuma da su ya ci abinci har ya koma ga Allah.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata rumfa kusa da tashar motar Wurno, da tsohuwar tafireta a kan benci, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Tsofaffi ne suka fi zuwa, waɗanda 'ya'yansu suka bi motar albasa zuwa kudu suka yi shiru. In tsohuwa ta zo da faɗa a bakinta, sai ya naɗe hannu ya bar ta ta zazzage shi duka, da zagin da kukan. In ta gama ya ce, "To Inna, yanzu mi za mu ce mashi?" Sai ka ji ta ce a gaishe shi, a tambaye shi ko yana cin abinci.

Yana wannan rumfar ya auri Kulu. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma bai ƙara aure ba. Ba a yi masa maganar. Wanda duk ya san shi ya san nan ne wurin da ba a taɓawa.

Da wayar hannu ta shigo gari, sana'ar wasiƙa ta mutu a tsaye. Ya yi 'yan shekaru yana buga takardun makaranta da katin biki, har wata ƙungiyar manoman albasa ta bakin gulbi ta nemi mai iya buga rubutu. Wasu masu ba da agaji ne suka kafa wa ƙungiyar na'ura: uwar tana Goronyo, 'ya'yanta uku suna Wurno da Rabah da Shinaka, kowace da faranti mai kama saƙo a kan rufi da farantin hasken rana. Aikin shi ne rubuta sunayen manoma, da ranar da za a sako wa kowane yanki ruwa, da irin da aka raba. Gidaɗo ya kwashi Kulu da tabarminsu suka koma Goronyo.

Ba irin kwamfutar nan mai hotuna ba ce. Allo ne baƙi, rubutu fari, da wani ɗan ɗigo mai ƙiftawa. Amma tana da wani abu da ya shiga ransa tun ranar farko: mai zaune a Rabah yana iya rubuto wa mai zaune a Goronyo, maganar ta faɗo a allonsa nan take, ko da yana tsakiyar aiki. Ba ta ajiyuwa. In ka gani ka gani, in rubutu ya tura ta sama ta tafi ke nan.

Khairiyya, injiniyar da ta zo daga Sakkwato ta haɗa musu wayoyin, ita ta nuna masa maganin abin.

"Malam, in aiki ya yi maka yawa, ka rubuta mesg, ka bar hili, ka sa harahin n. Shi ke nan, babu mai iya rubuto maka, kai ma ba ka iya rubuta ma kowa. In ka ƙare ka sa y, ta buɗe."

"Wanda ya rubuto fa? Saƙonshi na jira na?"

"Ba ya jira. Na'ura na ce mashi ka hana."

"Ta ce ni na hana?"

"Da sunanka ma."

Gidaɗo ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon allon. "Ashe sakata ce," ya ce. "To ɗiyata, na gode da karatu. Amma mutum shi yi mani sallama, in tashi in sa sakata yana ji? Ba ni iyawa."

Sunan ya bi abin. Mu da muke kula da na'urorin Wurno da Rabah kullum cikin sa sakata muke, wani lokaci tun safe har la'asar, don in kana jera sunaye ɗari wani ya faɗo maka da gaisuwa sai layin ya rikice. Shi kuwa shekara bakwai bai taɓa sawa ba. Aikinsa ya fi na kowa jinkiri saboda haka. Ka rubuta masa tambayar ruwa, sai ya amsa sallama, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi tarin da ka ce tsohuwarka tana yi makon jiya, kana ya zo kan ruwa.

Wanda ya fi kowa cika masa allo shi ne Mode, mai kula da na'urar Shinaka. Ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma tare suka tashi. Mode tsohon malamin firamare ne, dogo, mai baki kamar reza. Kowace safiya, kafin Gidaɗo ya jingine sandarsa, rubutun ya riga ya iso.

"Salamu alaikum, gurgun Sisawa. An tashi, ko sai an ɗaga ka?"

"Wa alaikumus salam, bawana. Ka share ohis, ko sai na taho da bulala?"

"Kafin ka iso na ƙara jika."

Haka suke, kullum. Kulu takan ce in ta ga ya shigo gida yana murmushi shi kaɗai, ta san Mode ne ya sha kashi a ranar.

A ƙarshen daminar 2021 aka ɗauke layin waya a ƙasarmu saboda 'yan bindiga. Mutum ya wayi gari da waya a aljihu kamar dutse. Mai son magana sai ya hau mota zuwa Sakkwato, in yana da kuɗin mota kuma in hanya ta yarda. Ita na'urar ƙungiya ba ta bin layin waya, ta farantin rufi take bi, don haka ba ta mutu ba. Ba a yi kwana biyu ba gari ya gane.

Gidaɗo ya koma sana'arsa ta farko. Mutane suka riƙa yin layi a ƙofar ofis, mata a gefe, maza a gefe. A faɗa wa Faruk a Rabah kada ya biyo ta hanyar gulbi. A tambayi Shinaka ko Adawiyya ta isa. A faɗa wa wane an yi rasuwa, an riga an kai. Da yake saƙo ba ya jira, sai ya sayi littafi mai layi, duk abin da ya faɗo ya kwafe shi da biro kafin ya wuce, ya nemi wanda zai kai shi unguwa. Ya daina fita cin abinci. A gaban allon yake shimfiɗa buzu ya yi salla, yana sallamewa ya waiwaya. Bai karɓi ko sisi ba. Wata tsohuwa ta kawo masa ƙwai uku, ya karɓi ɗaya don kada ta ji kunya.

Ranar wata Litinin da hantsi aka kawo labari cewa Bara'atu, 'yar Mode da ke aure a Goronyo, ta sauka lafiya. Gidaɗo ya zauna da murnarsa ya rubuta:

"Albishirinka, bawana. Bara'atu ta sauka, namiji. Jika na tara ke nan. Ka tsuhwa, sai a nemo maka sanda irin tawa."

Amsa ta faɗo da sauri, irin ta wanda murna ta kwance wa baki.

"Alhamdu lillahi! Mu dai muna tara jikoki. Kai ko akuyar gidanku ta hi ka zuri'a."

Gidaɗo ya janye hannunsa daga kan maɓallan. Shekara hamsin suna wasa, Mode ya taɓa ƙafarsa, ya taɓa sanƙonsa, ya taɓa rowar mutanen Sisawa, bai taɓa zuwa nan ba. Abin ya soke shi, ba ƙarya. Amma ya san Mode. Ya san yanzu haka yana can ya dafe baki yana kallon abin da ya rubuta. Sai ya shiga neman wata magana mai ban dariya da zai mayar, wadda za ta sauke wa Mode nauyin ba tare da an ce komai ba. Yana cikin nema Alhaji Abdulƙadiri, shugaban ƙungiya, ya shigo ya rufo ƙofa.

Alhaji ba mugun mutum ba ne. Tsoro ne ya kawo shi. Wasu masu kaki sun kira shi sun ce sun ji ana aika saƙo ƙauyuka daga ofishinsa, alhali don a toshe bakin masu kai wa 'yan bindiga rahoto aka ɗauke layi. Sun ce in suka ƙara ji, shi da ma'aikatansa za su yi bayani a inda ba a son zuwa.

"Malam Gidaɗo, sa sakatar nan. Yanzu, ina gani."

"Ranka shi daɗe, haihuwa da rasuwa muka aikawa. Ga littahin, duba."

"Na sani. Su ba su sani ba. Sa."

"To bari in rubuta layi guda, in hwaɗa ma Mode dalili."

"Ko harahi guda. An ce suna iya ganin abin da anka rubuta. In ka ce an hana mu, ka nuna muna da abin ɓoyo ke nan. Wurno da Rabah zan tahi da kaina in hwaɗa masu."

"Shinaka fa?"

Alhaji ya kau da kai. Babu mai zuwa Shinaka a kwanakin nan sai dole.

Gidaɗo ya dubi allon. Maganar akuya tana nan, ita ce ta ƙarshe, ɗigon yana ƙiftawa a ƙarƙashinta yana jiran amsa. Ya sa yatsa ɗaya ya buga abin da Khairiyya ta koya masa shekara bakwai da suka wuce. Bai manta ko harafi ba.

"Ka yi mani alkawali ba ka buɗewa sai na ce."

"Na yi."

Abin da ya hana shi sukuni daga wannan sa'a shi ne abin da Mode zai gani. In ya rubuta Wurno ko Rabah ya tarar a rufe, ba zai yi mamaki ba, ya saba. Amma ƙofar da ba a taɓa rufewa ba, a rufe ta daidai bayan wannan magana, na'ura kuma ta ce masa Gidaɗo ya hana? Babu abin da Mode zai ɗauka sai gaba.

Aikin ruwa bai tsaya ba, don haka kullum yana zaune a gaban allon, harafin buɗewa yana ƙarƙashin yatsarsa. Kulu ta kawo masa abinci ran Talata ta tarar bai taɓa na safe ba.

"Malam, ka buɗe minti guda ka rubuta mashi. Wa zai sani?"

"Na yi ma mutum alkawali, Kulu. Kuma in anka kama, ba ni kaɗai za a ɗauka ba."

"To ai ba gaba kake yi da shi ba."

"Ni na san ba gaba ba ce. Shi bai sani ba. Can wurinshi gaba ce, kuma da sunana."

Ya rubuta wasiƙa da hannu, ya dogara sanda zuwa tasha yana neman ɗan Shinaka. Ya samu wani mai kayan miya ya ba shi. Ran Laraba mutumin ya dawo masa da ita har ofis, ya ce ya fasa komawa, iyalinsa sun fito, Sakkwato za su. Gidaɗo ya je gidan Alhaji ya roƙi a ba shi izinin sallama kawai, sallama ba wani abu ba, aka ce Alhaji ya wuce Rabah daga can zai yi birni, ba a san ranar dawowarsa ba.

Tun suna yara a makarantar allo aka karantar da su, shi da Mode a tabarma ɗaya, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Wani zai ce wannan ba ta shafe shi ba, tunda ba da nufinsa ba ne. Gidaɗo bai iya irin wannan lissafin ba. Shi dai ya ƙirga: hantsin Litinin zuwa hantsin Alhamis, uku sun cika.

Da safiyar Alhamis ya sa farar rigarsa ya aika a kira Yusha'u mai kabu-kabu, magidanci ne da ya san hanyoyin daji.

"Malam, dawa ta yi tsawo," in ji Yusha'u. "Mutum na iya tsayawa taki biyar da kai ba ka gane shi ba. Mi ag gaggawa?"

"Gaisuwa za ni."

"Gaisuwa? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Mu tahi da rana tsaka, an ce lokacin 'yan bindigar suna kwance."

Kulu ba ta hana shi ba. Ta san in ta hana zai zauna, kuma ta san irin zaman da zai yi. Ta ƙulla masa goro biyar a leda ya kai wa Mode na barka, ta ce ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Sun isa lafiya. Ofishin Shinaka ɗaki ɗaya ne a bayan shagon taki. Gidaɗo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Mode yana zaune ya ba ƙofa baya, allonsa cike da layuka daga sama har ƙasa, sallama da amsar na'ura, sallama da amsar na'ura. Ya juyo. Idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya miƙe tsaye, bai yi dariya ba.

"Gidaɗo. Bakina ne. Na san abin da na rubuta. Tun Litinin nake..."

"Kai bawana, wa ya ba ka izinin kiran sunana gatsau? Ubangidanka ya sha hanya, ba ka kawo ruwa?"

Gidaɗo ya samu benci ya zauna, ya miƙe ƙafar, ya ba shi labarin Alhaji da masu kaki da alkawari, da wasiƙar da ta je tasha ta dawo. Mode ya saurara har ƙarshe, ya sa hannun riga ya share fuska, ya kuma sharewa. Can sai faɗa ya zo masa.

"Don wanga ka biyo hanyar ga? Kai mahaukaci ne? Da ka bari na yi ta hushina, ai ba mutuwa zan yi ba!"

"Ka ga idonka kuwa? Ka kusa."

"Amma maganar ta yi maka zahi."

"Ta yi," in ji Gidaɗo. "Har akuyar na hwaɗa mawa. Ta ce kai ma ba ka kai ta ba, tagwaye take yi."

Mode ya yi dariya har ya ƙware. Aka kawo fura suka sha a ƙwarya ɗaya, suka fasa goron Kulu, suka yi gardama a kan sunan da za a sa wa jaririn. Suka yi azahar tare, Mode ya ja. Ya ce wa Gidaɗo ya kwana, gobe a bi ayarin masu zuwa Juma'a. Gidaɗo ya ce ya bar Kulu ita kaɗai, kuma babu yadda zai aika mata cewa ya kwana. In ba ta gan shi ba, ba za ta runtsa ba.

Mode ya raka su har bakin gari. Abin da ya faɗa wa Gidaɗo na ƙarshe shi ne ya riƙe Yusha'u da kyau kada iska ta ɗauke shi.

Ba su yi nisa ba. A wata kwana da dawa ta rufe hanya dama da hagu, mutane suka fito. Yusha'u ya yi ƙoƙarin juyawa, aka yi harbi, babur ya faɗi. Shi ya samu ya kutsa cikin dawa da rauni a kafaɗa, ya koma Shinaka da ƙafa. Gidaɗo ba mai gudu ba ne. Da mazan gari suka fita suka same shi a gefen hanya, rai ya riga ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da huɗu.

A Shinaka aka yi masa sutura kafin magariba, don babu mai iya ɗaukar gawa a wannan hanya. Mode ne ya yi masa wanka. Da aka dawo daga maƙabarta ya wuce ofis kai tsaye, da ƙasar kabari a gwiwarsa, ya zauna ya rubuta Goronyo don a sanar da Kulu. Na'ura ta ce Gidaɗo ya hana. Ya rubuta Wurno, ya rubuta Rabah. Duk muna rufe.

Sai da safe ya bi ayarin masu zuwa Juma'a, a ƙafa, ya iso Goronyo rana ta take. Kulu tana zaune a tsakar gida, tuwon jiya yana nan a rufe. Da ta ga Mode ya shigo shi kaɗai, ba wasa a bakinsa, ya durƙusa nesa da ita, ba ta buƙaci a faɗa mata ba. Ta yi salati, ta maimaita, ta daɗe kanta a sunkuye. Da ta ɗago, ba ta tambayi a ina ba, ba ta tambayi su wa ba.

"Yana tahiya ne, ko yana dawowa?"

"Yana dawowa."

"Ya ishe ka ke nan? Kun yi magana?"

"Mun yi," in ji Mode. "Mun sha hura. Mun yi salla tare."

"To alhamdu lillahi," ta ce. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan ya zo.

Allah ya jiƙan Gidaɗo, ya yi masa rahama, ya ba Kulu da Mode haƙuri.